Fili Biyu Ne, Ranka Ya Daɗe: A Bar Mana Malam Ɗanjuma

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Hukumar Gudanarwar Kwalejinmu,
Suleja, Jihar Neja.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran membobin hukuma, ina yi maka barka da arziki. Kofin da ka ɗaga da hannunka a ɗakin taro ranar Litinin ta makon jiya yana nan a kabad ɗin ofishin shugaban kwaleji, kuma har yau ba a daina zuwa kallonsa ba. Masu shara sun zo, masu dafa abinci sun zo, mai awarar bakin ƙofa ma sai da ta sauke kaskonta ta shigo ta ɗauki hoto da shi. Tun da aka kafa kwalejin nan ba mu taɓa dawowa daga gasar kwalejoji da ko cokali ba, sai ga 'yan matanmu huɗu sun kawo mana kofin gudun miƙa sanda. Allah mun gode maka.

Sunana Malama Bilkisu. Tarihi nake koyarwa, kuma ni ce mai ba ɗalibai mata shawara. Shekara shida da suka wuce aka ƙara mini da muƙamin jami'ar wasanni, ba don na iya wani wasa ba, sai don a lokacin ni kaɗai ce ba ni da aji ranar Laraba da yamma. Rabona da gudu tun ranar da talotalo ya biyo ni a gidan kakata, kuma ko ranar shi ya yi nasara.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwana biyu bayan bikin kofin, takardu biyu suka fito daga ofishinku a jakar masinja ɗaya. Ta farko tawa ce, takardar yabo, mai cewa da ƙwarewata da jajircewata aka ci kofi. Ta biyu ta Malam Ɗanjuma ce, mai kula da filin wasanmu, tana umartarsa da ya koma garin Lambata da aiki kafin ƙarshen wannan wata. Duka biyun kuskure ne, kuma ina da yaƙinin za ka yi dariya idan ka ji yadda aka yi, kafin ka gyara. Na rubuta ta hannun magatakarda, aka ce mini hukuma ba za ta zauna ba sai wata mai kamawa, lokacin kuwa mai tafiya ya tafi. Shi ya sa na fito fili da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, tunda murnar ma ta gari ce baki ɗaya.

Na farko: wanda ya ci kofin.

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka ɗauki Malam Ɗanjuma aiki. Aikinsa a takarda shi ne yankan ciyawa, da shata layuka da farar ƙasa, da korar awakin unguwa idan suka ɓullo ta ɓarakar katanga. Mutum ne siriri, mai shekaru hamsin da 'yan kai, ba ya son magana mai tsawo. A unguwar Hashimi yake zaune, kuma a ƙafa yake zuwa aiki.

A shekarata ta farko a wannan muƙami, na tara 'yan mata a fili da littafin dokokin wasa a hannuna, ina karanta musu yadda ake miƙa sanda. Su huɗu ne a ƙungiya, kowacce ta yi nata gudun ta miƙa wa ta gaba. Sai ga shi duk wadda za ta karɓa tsayawa take yi cak, ta juyo ta fuskanci mai zuwa, ta miƙa hannu biyu kamar mai karɓar jariri ranar suna. Wani lokaci su yi karo, wani lokaci sandar ta faɗi, su tsaya suna dariya. Ni kuwa ina ta buɗe shafi. Can sai muka ji injin yankan ciyawa ya mutu. Malam Ɗanjuma ya tako a hankali, ya gaishe ni, ya ce in ba zan ji haushi ba yana da 'yar magana. Ashe da ƙuruciyarsa ya yi wa makarantarsu gudu shekara da shekaru, babu wanda ya taɓa tambayarsa.

Washegari ya zo da guntun rake, gaɓa biyu, da marafan kwalbar lemo a aljihu. Raken shi ne sanda. Dokarsa ɗaya ce: ƙungiyar da ta zagaye fili bai faɗi ba, ita za ta sha shi. Marafan kuwa su ne sirrin. Yakan tsaya ya kalli gudun yarinya kwana da kwanaki, sannan ya auna da tafin ƙafarsa daga inda mai karɓa take tsaye zuwa baya, ya ajiye marfi a ƙasa. Da mai zuwa ta taka daidai marfin, mai karɓa za ta zura da gudu, ba waiwaye, ta miƙa hannu ɗaya baya, sai kawai ta ji rake a tafinta. Kowace yarinya da nata awon, kuma awon yana canzawa idan gudunta ya ƙaru, ko idan an yi ruwa fili ya jiƙe. Babu littafin da ya rubuta wannan lissafi, duk a kansa yake.

Ranar gasa ina zaune a rumfar manyan baƙi, saboda ni ce mai muƙami, an ba ni lemo da kujera mai laushi. Shi yana can bakin layi da hularsa ta kaba, domin sunansa ba ya cikin masu izinin shiga rumfar. Da aka zo zagaye na ƙarshe mu ne na uku. Hauwa'u, 'yar unguwar Hashimi, ita ke riƙe da sanda, Ladi 'yar Maje ke jira. Sauran masu jiran duk sun waiwaya suna neman 'yan'uwansu. Ladi ƙasa take kallo. Hauwa'u na taka alamar da Malam Ɗanjuma ya ajiye, Ladi ta tashi kamar an harba kibiya, kuma a wurin miƙawar nan kaɗai muka wuce ƙungiya biyu. Ban san lokacin da na bar kujerar ba. An ce an gan ni ina tsalle da takalmi ƙafa ɗaya, ban musa ba.

Da bas ɗinmu ta shigo Suleja, 'yan acaɓa suka sa mu a tsakiya suna ta danna oda, yawancinsu ba su ma san abin da aka ci ba. Muka kai Ladi gida Maje, mata suka fito suna rangaɗa guɗa, kakarta ta karɓi kofin ta leƙa ciki, ta tambaya ko ba a haɗa da murfi ba. A bakin kowace yarinya a cikin motar nan suna ɗaya ne: Koci. Ba ni suke nufi ba.

Na biyu: kalmar da ta jawo canjin wurin aiki.

Na bi sawun takardar, na gano inda gizo yake saƙa. Hukuma tana da wani fili a kusa da Lambata, wanda aka tanada domin reshen kwaleji nan gaba. An kawo rahoto cewa wasu sun fara tuge alamomin iyaka, har tifa ta sauke yashi a gefe guda. Kuka ce a tura wanda zai kula da shi, kuma gaskiyarku, duk wanda ya ga yadda gine-gine ke cinye gonakin Maje ya san fili ba ya kwana shi kaɗai a wannan yanki. Akawu ya buɗe jerin ma'aikata yana neman wanda ya dace, sai ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: Ɗanjuma, mai kula da fili. Ya ga ai faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ban ga laifin akawun ba. Bai taɓa zuwa wurinmu ranar Laraba ba, takarda ya bi, kuma takarda ba ta yi masa ƙarya ba, rabin gaskiya ta faɗa masa. Amma fili biyu ne, ranka ya daɗe. Akwai filin da ake tsarewa kada kowa ya taka, akwai filin da ba shi da amfani sai an taka shi. Na Lambata yana buƙatar mutum mai sanda da fitila da murya. Namu yana buƙatar mutumin da zai kalli yarinya tana gudu ya ce a matsar da marfinta rabin ƙafa.

Da na kai wa Malam Ɗanjuma takardar, ya sa na karanta masa sau biyu ko da yake ya iya karatu. Bai yi ƙorafi ba. Cewa ya yi, “Inda aka ce in je nan zan je, Malama, ai ba gonar ubana ba ce. Sai dai ki kawo littafi in faɗa miki awon yaran.” Na kawo, ya faɗa, na rubuta da kyakkyawan rubutuna. Larabar da ta wuce ya koma gefe, ni na auna na ajiye marafan. Sau uku ana gudu, sau uku rake yana faɗuwa. Sai a na ukun Hauwa'u ta gano dalili, ta riƙe ciki tana dariya ta ce, “Malama, ai ƙafarki ba ta kai ta Koci ba!” Ranar babu wadda ta sha rake, sai awaki.

Mun sha dariya, amma ka duba abin da ke ƙarƙashinta. Cin kofin nan ya ba mu gurbi a gasar shiyya, makonni kaɗan bayan ranar da aka ce ya bar mu. Daga Lambata ba zai iya zuwa atisayen safe ya koma ba, kuɗin mota kaɗai zai cinye abin da yake samu. Idan ya tafi, 'yan matan nan za su je gasa da ni da littafina.

Na uku: maganar albashi.

A hanyarmu ta dawowa daga gasa, wata daga cikin yaran ta karanto mana daga wayarta cewa a Amurka akwai jihohin da mai horar da 'yan wasan jami'a ya fi gwamna albashi, ya fi kowane farfesa da kowane likitan gwamnati. Motar ta kaure da ihu. Nan take suka naɗa Malam Ɗanjuma Alhaji, wannan ta ce Oga Koci ya saya mata waya, waccan ta ce ita kujerar Makka kawai take so wa mahaifiyarta. Shi kuwa ya gyara zama a kan jarkar ruwan da yake zaune, ya ce duk ya ji, su rubuto a takarda, zai duba idan an biya.

Ina so in faɗi a sarari cewa ba wancan tsari nake roƙo ba. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce a asibitin gwamnati, tana wuni a tsaye, ta dawo ƙafa a kumbure. Maƙwabcina malamin firamare ne, aji guda ya fi ƙarfin muryarsa, kuma da yamma ɗinki yake yi don ya cike giɓi. Ƙasar da za ta fifita usur a kan allura da alli ta sa wando ta ka. Da za a ce in zaɓa, da na ce a fara da su.

Amma idan can sun wuce gona da iri ta sama, mu mun wuce ta ƙasa. Malam Ɗanjuma yana kan matakin albashin da aka ɗauke shi tun farko, matakin lebura, daidai da wanda aka ɗauka bara don ya share baranda. Direban da ya kai mu gasa ya fi shi, kuma direban ya sami alawus na kwanan hanya, saboda tuƙi aikinsa ne a takarda. Malam Ɗanjuma bai samu ba, saboda a takarda babu ciyawar da za a yanka a can. Alawus ɗin wasanni kuwa da ake biya duk wata, asusuna yake shiga. Hausawa suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shekara shida ni ce gardin, kuma na gaji da wannan matsayi. Na sha ƙoƙarin miƙa masa, yakan ce abin da aka rubuta da sunana nawa ne, in dai ina so in taimaka in sayo wa yara ruwa da man zafi. Haka nake yi, amma wannan dabara ce ta mutum biyu masu jin kunyar juna, ba tsari ba ne. Ranar da aka canza ni, ta ƙare. Kuma ranar da zai yi ritaya, abin da takarda ta ce shi za a duba wajen fansho, ba abin da fili ya sani ba.

Ma'aikacin gwamnati, ko likita ne ko masinja, abu ɗaya yake nema kafin komai: a kira aikinsa da sunansa, a biya shi a kan wannan sunan. Iyakar abin da nake nema wa wannan bawan Allah ke nan.

Na huɗu: maganar takardar shaida.

Na san za a ce ba shi da takardar horar da 'yan wasa, kuma dokar aiki ba ta san baiwa ba. Na yarda, ni ma malama ce, ba zan raina takarda ba. Yana da shaidar gama sakandare, kuma akwai kwas na 'yan watanni da ake yi wa masu horarwa. Idan an tura shi zai ci, in Allah ya yarda, ni zan zauna da shi a kan Turancin.

Sai dai akwai abin da ya kawo mana wanda ba a koyarwa a kwas. Da muka fara, iyaye da yawa ba su yarda 'ya'yansu mata su yi gudu ba. Shi ya ba da shawara aka ɗinka musu dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi ga mai so. Mahaifin Hauwa'u, ɗan kasuwa ne mai tsare gida, ya ce shi sai ya gani da idonsa. Mako guda yana zuwa da tabarmarsa yana zama ƙarƙashin dalbejiya, fuska a ɗaure. Ya ga ana tsayar da komai idan lokacin salla ya yi, ya ga mutumin nan ba ya taɓa ko gefen rigar yarinya, da kara yake nuna inda za a sa ƙafa. A mako na biyu sai ga shi da damin rake a bayan babur. Har yau shi ke kawowa, kuma ya fi kowa ihu a bakin fili.

A ɓangarena na mai ba da shawara, abin da na fi gode masa shi ne dokarsa ta biyu: wadda ta faɗi gwajin aji ba ta taɓa rake sai ta gyara. Ladi ta zo mana tana shirin barin karatu, domin an sayar da gonar da mahaifinta yake aro, gida ya shiga wani hali. Na yi mata nasiha iyakar iyawata, tana sauraro tana kallon taga. Abin da ya riƙe ta shi ne an ce mata ita ce ta ƙarshe a layi, mutum uku sun dogara da ita. Bana za ta gama, kuma koyarwa take son yi.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga roƙona.

Ɗaya, a dakatar da takardar Lambata kafin ƙarshen wata. Wannan ba ya buƙatar zaman hukuma, sa hannunka ya isa. A nemi mai gadi na gaskiya a tura can, ko a ɗauka daga mutanen wurin, su suka fi sanin mai tifar.

Biyu, idan hukuma ta zauna, a sake wa aikin Malam Ɗanjuma suna ya zama mataimakin mai horar da 'yan wasa, a ɗora shi a matakin da ya dace da hakan, a tura shi kwas. Ya ce in gaya muku ciyawar ma ba zai bar wa kowa ba, wai wani zai yanka masa ita ba daidai ba. Wannan tsakaninku da shi ne.

Uku, a mayar da alawus ɗin wasanni ga mai yin aikin. Ni a bar ni da cike fom da rakiya da riƙe wa yara wayoyinsu, waɗannan na ƙware a kansu. Takardar yabon kuma na mayar wa magatakarda ba tare da na ninke ta ba. Kalmomin cikinta duk gaskiya ne, suna kawai za a canza.

Huɗu, kada ka ɗauki maganata ita kaɗai, tunda ni mai son abin ce. Ka zo ranar Laraba bayan la'asar, ba sanarwa, ba rakiya. Ka tsayar da ɗalibar farko da ka gamu da ita a bakin ƙofa, ka ce ta nuna maka wanda ya ci mana kofi. Idan ta nuno ni, na janye wasiƙar nan, ni da kaina zan raka shi tashar motar Lambata.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya ba ka ikon yin adalci ga babba da ƙarami, ya sa kwalejin nan ta bunƙasa a hannunka. Allah ya raya mana yaran nan, ya ba su abin da ya fi kofi, ya saka wa duk ma'aikacin da ke yin aikinsa tsakani da Allah ko ba a san da shi ba.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Malama Bilkisu,
Sashen Tarihi.